Goron da Muka Kai wa Jakada

Gidan da mahaifina ya bari a unguwar Maamobi yana bakin babbar kwata, wadda take kwasar ruwan unguwar Nima da shararta ta yi gangare da su. Ta gaba akwai zaure da ɗakina. Ta baya, inda ƙasa ta fara zamewa, akwai ɗan masallacin da ya gina da hannunsa, da ɗakuna biyu manne a jikinsa. A nan Yayata take zaune tun da mijinta ya rasu, Allah ya jiƙansa, a nan kuma take dafa waakye, shinkafa da wake irin na garin nan, ta fitar bakin hanya da safe. Ni nake limancin masallacin. Ba wani babba ba ne. Idan sahu ya cika, mutumin ƙarshe a kan takalman jama'a yake sallah.

Wani malamin jami'a ne ya kawo mini baƙon, wata rana bayan la'asar. Ya ce dattijo ne daga ƙasar Meziko, yana rubuta littafi a kan garuruwan da baƙi suka kafa, kuma an gaya masa ina da waƙoƙin da mahaifina ya rubuta da ajami a kan tafiyar fatake daga arewa zuwa bakin teku. Mutum ne gajere mai kauri, da furfura, da farar riga wadda ba ta taɓa yamutsewa. Da farko mutanen layi sun ɗauka Kwara ne mai kanti a Adabraka. Da aka ji sunan ƙasarsa, sai mata suka yi ta leƙowa, domin daga can ne ake kawo wasannin nan na talabijin da suke kallo da yamma. Yaya ta sa na tambaye shi ko gaskiya ne kowa a ƙasarsu kuka yake yi daga safe zuwa dare, maza da mata, kuma kowa ɗan wani ne ba wanda ya raine shi ba. Ya yi dariya har ya share ido, ya ce kukan gaskiya ne, amma gidajen ba su kai haka kyau ba.

Daga ranar ya zama ɗan gida. Yakan zo bayan la'asar ya zauna a kan bencin zaure, ni ina karanta masa baiti ina juya shi da Turancina na kasuwa, shi yana rubutawa. Yaya takan ajiye masa waakye ta zuba shito da yawa, yajin nan baƙi, tana jiran ta ga ya tsere. Bai taɓa tserewa ba. Ya ce a garinsu wannan yajin na jarirai ne. Sai ta sa masa suna maci-wuta, kuma idan ya yi kwana biyu bai zo ba ita ce take fara tambaya.

A kan bencin nan na ji tarihinsa, guntu-guntu. An haife shi a ƙauyen manoman masara, ya yi karatun lauya, ya shiga jam'iyya tun yana saurayi. Ya ɗauki jakar wani babba, daga baya aka ɗauki tasa. Ya zauna a majalisar ƙasarsu, ya riƙe wata ma'aikata, har ana maganar zai yi gwamna. Sai ya saɓa da manyan jam'iyya. Ya ce a wajensu idan ana so a kawar da ɗan siyasa ba tare da an zubar da jini ba, naɗa shi jakada ake yi, a tura shi inda wasiƙarsa za ta daɗe a hanya. Haka ya yi ta yawo, daga wata ƙasa mai ƙanƙara zuwa wata mai hamada, yana cin abinci da sarakuna da shugabanni, yana faɗin abin da aka ce ya faɗa. A cikin wannan zaman kaɗaici ya fara rubuta littattafai. Yanzu ya yi ritaya, babu ofis, babu tuta. Ya faɗa mini wannan da bakinsa, ba sau ɗaya ba. Amma a unguwa Jakada ake kiransa, kuma muna gani da idonmu wani lokaci baƙar mota mai sanyi ta zo bakin titi ta ɗauke shi, washegari ya ba mu labarin wanda ya zauna kusa da shi a wajen cin abinci, ministan kaza, ko matar wane.

Ana cikin haka damina ta yi ɓarna. Kwata ta cika ta shiga gidaje, ta tafi da awaki da katifu, har da wata tsohuwa a can ƙasa da mu. Bayan ruwa ya janye, mutanen hukuma suka zo da igiyar awo da gwangwanin jan fenti. Duk ginin da ya matso kusa da kwata suka yi masa alama. Sun yi wa bangon masallaci, sun yi wa ɗakunan Yaya. Zaure da ɗakina suka tsira. Ba su faɗi rana ba, sun dai ce kowa ya kwashe kayansa.

Ɗan Yaya, wanda yake sayar da kayan gyaran mota a Abossey Okai, ya zo da yamma da hannu duk baƙin mai. Magidanci ne mai 'ya'ya, mai zafin nama. Ya ce mutanen tsallaken kwata, su ma an yi musu fenti, sun haɗa kai za su ga lauya, domin akwai hanyar da kotu take dakatar da rusau har a duba takardun kowa. Ya ce mu ma muna da tsohuwar takardar da masu ƙasa suka ba kakansa, kuma awon da aka yi mana ya shigo ciki fiye da na maƙwabta, idan aka sake shi masallaci zai iya fita. Ya ce a shiga cikinsu tun da wuri.

Na tara dattawan masallaci bayan magariba na gaya musu. Babu wanda ya so jin kalmar kotu. Mutanen Zango mun gaji tsoronta daga iyayenmu, waɗanda suka zo garin nan baƙi, suka zauna a ƙasar da aka ara musu, suka koyi cewa baƙo ba ya kai mai gari ƙara. Abin da muka sani shi ne kamun ƙafa. A nemi babba wanda yake shiga inda ba ma shiga, a je masa da goro, ya yi magana a kunnen da ya dace. Da haka aka samu famfo a layinmu, da haka aka fito da mutane da yawa daga hannun 'yan sanda. Ladaninmu, wani tsoho ɗan Dagomba, ya ce Allah ya kawo mana mai shiga fada har cikin zaure, yana cin abincinmu, sannan mu tsallake shi mu tafi wajen lauya? Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, kuma da zuciya ɗaya na yi.

Muka sayo goro mai kyau, fari da ja, aka jera shi cikin ƙwarya a kan ganye, aka yayyafa ruwa. Dattawa suka sa manyan riguna. Da Jakada ya iso ya tarar da zaure cike, ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara wuyan riga. Ladan ya yi bayani da Hausa, ni ina juyawa. Muka zagaya da shi ya ga jan fentin, ya ga tukwanen Yaya a jikin bangon. Da muka dawo, kafin a miƙa ƙwaryar, na yi masa bayani dalla-dalla, domin na san baƙo ne. Na ce masa wannan ba kyauta ba ce irin ta baƙunta. A wajenmu wanda aka kawo wa goro a kan magana, idan ba zai iya ba, sai ya sa hannu ya taɓa, ya yi godiya, ya ce a kai gaba, kuma babu wanda zai ji haushi. Idan kuwa ya karɓa, maganar ta bar wuyanmu ta koma nasa.

Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya miƙa hannu biyu ya karɓa, ya ɗauki ɗaya ya ɓare, ya tauna, bai ko yamutsa fuska ba. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce: «Maganarku ta shiga zuciyata. Zan kai ta inda ya kamata.»

Na juya musu. Aka yi fatiha. Yaya, daga bayan labule, ta yi guɗa a hankali.

Akwai abu biyu da suke biyo bayan karɓar goro, kuma duk wanda ya tashi a Zango ya san su ba tare da an koya masa ba. Na farko, ba a sake kai maganar wata ƙofa, domin yin haka cewa ne ba a yarda da mutumin ba. Na biyu, ba a tuna masa. Babba ba ya mantuwa. Idan ka tambaye shi ina aka kwana, ka mayar da shi yaron aike. Sai dai ka jira ya kira ka.

Saboda haka muka jira. Jakada ya ci gaba da zuwa bayan la'asar kamar kullum. Muka gama waƙar fatake muka shiga wata a kan mutuwa. Yakan gaishe da dattawa hannu biyu, su ma su gaishe shi da fara'a fiye da da, kowa yana duban fuskarsa ko zai ga wata alama. Idan ya zo da walwala, sai a ce magana ta yi kyau. Idan ya zo shiru, sai a ce manya ba sa faɗin abu sai ya nuna. Ranar da baƙar mota ta ɗauke shi, ladan ya ce yau za a gama. Yaya ta ƙara masa nama a waakye, ta daina karɓar ko godiyarsa. Ni kuwa ina zaune gab da shi, gwiwa na taɓa gwiwa, ina karanta masa baitocin mahaifina, maganar tana bakina ina haɗiye ta. Ta bayansa, idan ƙofar ciki tana buɗe, ina hango jan fentin.

Mutanen tsallake suka je kotu. Aka ba su takarda suka manna a ƙofofinsu. Ɗan Yaya ya zo mini ranar, bai ko zauna ba. Ya ce lauyan ya ce har yanzu ana iya ƙara sunanmu, amma ba za a daɗe ana iyawa ba, kuma takardar gida tana hannuna, ba ni ba babu abin da zai yi.

Na ce masa an riga an ba da goro.

Ya ce: «Kawu, to ka tambaye shi mana. Kullum yana nan yana cinye mana shito. Ka ce masa, ranka ya daɗe, ina labari? Shi ke nan.»

Na ce ba a yi.

Ya ce: «Ni bari in yi. Ni ba ni da rawani, babu abin da zai faɗi daga kaina.»

Na hana shi, uwarsa ma ta hana shi. Ta ce kada ya kunyata ta a gaban baƙon da ya ci goronta, in ya yi ba ta yafe ba. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce ɗakinta ne, ba nasa ba. Ya fita yana magana da harshen Twi, wanda ya san ba na so a yi mini a cikin gida.

Katafila ta zo ranar wata Talata da hantsi, da 'yan sanda a mota. Yaya tana bakin hanya tana sallamar masu saye. Suka fara daga sama suna gangarowa. Da suka iso gidajen tsallake, babbansu ya karanta takardar da ke ƙofa, ya ɗaga hannu, aka wuce. Da suka iso namu ya tambaya ko muna da takarda. Na ce muna da magana a sama. Ya tambaya wajen wa. Na buɗe baki, sai na ga ban san sunan ko mutum ɗaya da aka gaya wa ba. Mutumin bai yi mini rashin kunya ba. Ya cire hula, ya ce mu kwashe Alƙur'anai da tabarmi, zai jira. Jama'a suka taru aka yi ta fitar da kaya, gadon Yaya, da akwatunanta na aure, da manyan tukwane. Ladan ya kwance lasifika da hannunsa. Ginin bai yi gardama ba. Bulo ne na da, wanda yashi ya fi siminti yawa. Kafin azahar an gama, muka yi sallah a kan titi.

Jakada ya iso a lokacinsa, bayan la'asar. Ya tsaya a kan tarin bulo da farar rigarsa, ya daɗe yana kallo. Ba zan yi masa ƙarya ba, idonsa ya kawo ruwa. Dattawa suna zaune a gefe, ladan ne kaɗai ya amsa sallamarsa. Yaya ce ta taso daga kan akwatinta, ta zo gabansa, ta ce in tambaye shi wa ya gaya wa.

Ya ce ya ambata. A wani cin abinci ne, ya gaya wa wani babba cewa akwai wani ɗan masallaci mai tarihi a Maamobi da ya kamata a duba, mutumin ya ce lalle za a duba. Yaya ta ce in tambaye shi ko ya koma. Ya ce bai koma ba.

Muka shiga zaure ni da shi. Ya zauna a inda ya saba. Ya ce a shekarunsa na siyasa babu abin da ba a kawo masa ba. Manoma sun zo masa da kaji, da huluna, da buhun masara, kowa da gonar da za a ƙwace ko rijiyar da ta ƙafe. Ya karɓa duka, domin mayar da kyautar talaka cin fuska ne, kuma ɗan siyasar da ya ce ba zai iya ba ya gama yawo. Su kuma manoman sun san haka, suna fita daga wajensa sai su nufi ofishin abokin hamayyarsa da wata kazar. Ya ce da ya ga ba mu sake tayar da maganar ba, ya ɗauka mun samu wata hanya.

Na ce: «Na gaya maka abin da karɓa take nufi. A nan wurin, kana zaune inda kake yanzu.»

Ya ce: «Ka gaya mini, Malam. Na ji daɗin bayanin ƙwarai. Har na rubuta shi.»

Na san gaskiya ya faɗa, ya rubuta ɗin, kuma na tabbata ya rubuta shi da kyau.

Yaya ta kwana uku ko huɗu a ɗakin matata, kayanta a tsakar gida an rufe da leda. Babu wurin kafa murhunta, domin inda take girki yanzu fili ne na hukuma. Ɗanta ya zo da motar kaya ya ce ta koma wajensa a Madina, wata unguwa can bayan gari. A gidan nan aka haife ta, daga nan aka kai ta ɗakin miji, nan ta dawo, ba ta taɓa kwana wata guda a wata unguwa ba. Masu sayen waakye suka tsaya suna kallo ana ɗora tukwane. Ba ta yi kuka ba. Da za ta hau, ta juyo ta ce mini in riƙa cin abinci, ta ga na rame. Ɗanta ya gaishe ni da ladabi, ya durƙusa har ƙasa, bai dubi idona ba.

Jakada ya sake zuwa sau ɗaya, ranar da zai bar ƙasar. Ya kawo mini ɗaya daga cikin littattafansa da harshensu, wanda ba na iya karantawa, ya ce wanda zai fito zai fi shi, kuma unguwarmu tana ciki. Ya ce ya ga yadda nake yi wa matafiya addu'a, yana so shi ma a yi masa. Ba a hana matafiyi addu'a, ko wane ne. Na roƙa masa Allah ya kai shi gida lafiya, na shafa, ban ƙara komai ba. Na yi ta neman gafarar Ubangiji a kan abin da ya rage a zuciyata game da mutumin nan, kuma har yau bai fita duka ba.

Ban san ko littafin ya fito ba. Malamin jami'ar ya taɓa cewa ya ji an karrama Jakada a ƙasarsu, an yi taro, an yi jawabi a kan yadda ya fahimci talakawan duniya. Gidajen tsallake suna nan, wasu ma sun ɗora bene. Mu muna sallah a ƙarƙashin rumfar kwano a ƙofar gida, idan ruwa ya sauko kowa ya yi a ɗakinsa. Dattawa ba su taɓa ce mini laifina ba ne, domin tare muka ɗauki ƙwaryar, amma sahu ya ragu, da yawa sun koma babban masallacin bakin titi.

Ɗan Yaya yana zuwa gaishe ni kowace sallar idi, da shadda da turare. Sai dai an daina kawo mini shawara. An sa ranar auren 'yarsa, daga baya aka gaya mini. Bara da Yaya ta kwanta ciwo aka kai ta asibiti, a bakin wani direban trotro, motar haya ta garin nan, na ji, shi ma cikin hira, yana zaton na sani. Na hau motarsa na tafi Madina. Na same ta an sallamo ta, tana zaune a baranda a wani gida mai katanga da ƙofar ƙarfe, babu mai wucewa balle ya gaishe ta. Na tambaye ta me ya sa ba a aiko mini ba. Ta ce yaron ne ya ce kada a tayar mini da hankali, ba abin da zan iya yi.